Babur Ɗin Ruwa A Kogin Nilu: A Sa Masa Rariya Ko A Bari?

Akwai wata muhawara da muka shafe kusan mako biyu muna tafkawa a majalisarmu da ke kusa da kasuwar kifi ta Mawrada a birnin Omdurman, wadda muka ga ya kamata mu fito da ita fili. A ido ƙaramar magana ce, amma idan aka tona za a tarar ta shafi duk wanda abincinsa ke rataye da inji a bakin kogi, ko a nan Sudan ko a can gida Nijeriya da Nijar.

Asalin maganar shi ne, wani matashi daga cikin 'ya'yanmu da ya yi shekaru yana neman na kansa a Jidda ya dawo da sabon babur ɗin ruwa fil, irin wanda ake kira Jet Ski. Niyyarsa ya riƙa ba da haya ranar Juma'a da yamma da lokutan Sallah. Kafin ma ya jefa shi a ruwa, sai wani dattijon bakanike da ya tsufa a gyaran injinan kwalekwale, wanda kowa ke kira Usta kamar yadda ake kiran gwanayen sana'a a nan, ya ja kunnensa cewa kada ya kuskura ya tayar da shi a Nilu sai ya sa rariya a hanyar ruwan da ke sanyaya injin. Yaron ya durƙusa cikin ladabi ya ce, Baba, ai kamfanin da ya ƙera shi ya fi mu sanin abin da ya dace da shi, in da yana bukatar wata rariya da sun sa. Nan fa majalisa ta rabu gida biyu.

Mun san wani zai ce, a garin da yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita, inda jama'a suka riƙa ɗibar ruwan sha kai tsaye daga kogi saboda tashoshin tace ruwa sun tsaya, wa ke da lokacin zancen abin wasan masu kuɗi? Ba mu ga laifin mai wannan tambaya ba. Sai dai a wurin wannan yaro abin ba wasa ba ne, jarinsa ne, gumin shekarunsa ne. Bugu da ƙari, tambayar da ke gabansa ita ce dai ke gaban masuncin da ke da injin kwalekwale a Jabal Auliya, da manomin da ke ban-ruwa a tsibirin Tuti, da mai jirgin fito da ke tsallakar da mata da yara. Dukkansu ruwan kogi injinansu ke sha, kuma dukkansu sun san yadda kayan gyara suka yi tsada tun da yaƙi ya lalata unguwannin masana'antu da kasuwannin Khartum.

Domin mai karatu ya fahimci inda gizo ke saƙar, bari mu ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki. Mota tana da lagireto, ruwa ɗaya ne ke ta zagayawa a cikinta, iska na sanyaya shi. Babur ɗin ruwa ba haka yake ba. Ba shi da farfela a waje. Yana zuƙo ruwa ne ta wata taga mai sanduna da ke ƙarƙashinsa, wata farfela da ke cikin bututu ta matsa ruwan ta fesar da shi ta baya da ƙarfi. Wannan feshin shi ke tura shi gaba, shi ke kuma juya shi dama ko hagu. Daga cikin ruwan da aka matsa ne ake ɗibar kaɗan ta wata siririyar mesa da ba ta fi kaurin yatsa ba, a bi da shi ta jikin injin da salansa ya kwashe zafi, sannan ya fita. Haka na kamfanin Kawasaki suke, wanda shi ne mai asalin sunan Jet Ski tun farkon shekarun 1970, haka ma na Yamaha da ake kira WaveRunner. Na Sea-Doo da ake ƙerawa ƙarƙashin wani kamfanin Kanada, sababbin ƙirarsu suna da ruwan sanyaya inji a rufe kamar na mota, amma duk da haka salansarsu ruwan kogi take sha. Ke nan ko wane iri mutum ya saya, abin da ke cikin kogi zai shiga cikin abin hawansa.

To me ke cikin kogin namu? Duk wanda ya taɓa tsayawa a Mugran, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu, ya san amsar da idonsa. Farin Nilu yana tahowa ne daga tafkin Biktoriya a hankali, ya ratsa fadamun Sudan ta Kudu, sannan madatsar Jabal Auliya da aka gama a 1937 ta tare shi kafin ya iso gari. Shi ciyawa ce matsalarsa, musamman wata irin kainuwa mai shuɗin fure da aka fara gani a cikinsa a ƙarshen shekarun 1950. Shuɗin Nilu kuwa daga tafkin Tana na ƙasar Habasha yake gangarowa, shi ke kawo fiye da rabin ruwan da ke isa Masar, kuma daga watan Yuli zuwa Satumba yakan rikiɗe ya koma kalar kunun kanwa saboda laka da yashi da karmami da itatuwan da yake kwasowa daga tsaunuka. Wannan laka ce ta cinye wani kaso mai yawa na cikin madatsar Sinnar ta 1925 da ta Rusairis ta 1966, ita ce kuma ta sa aka daɗe ana yashe magudanan noman Jazira duk shekara. Ruwan da ya gagari madatsa, ina ga mesa mai kaurin yatsa?

Gaskiya ne babbar madatsar da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu, wadda aka fara tara mata ruwa a 2020 aka kuma ƙaddamar a Satumbar 2025, tana riƙe laka mai yawa a bayanta. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Kogunan Dindir da Rahad suna zubowa ne a ƙasa da ita, ruwan sama yana wanko ƙasa daga gaɓa, ga kuma yashin da ke kwance a ƙasan kogin wanda ba inda ya je. A kan wannan sai a ƙara da leda da robobi da tarkacen da gari ke zubarwa. Wanda ya ƙera babur ɗin ruwa yana tunanin tafkunan Amurka da gaɓar tekun Japan ne, bai zauna da Mawrada a ransa ba. Don haka hujjar yaron cewa kamfani ya fi mu sani, rabin gaskiya ce. Kamfani ya san injinsa, mu kuma mun san ruwanmu.

Magoya bayan Usta suna da hujja mai ƙarfi. Rariyar da ake magana a kanta wani ɗan kofi ne mai garai-garai da raga a ciki, ana yanka mesa a ɗaura shi tsakanin famfo da inji. Tana kama yashi mai kauri, da ƙananan tsakuwa, da guntayen ciyawa, da ɓawon katantanwa, da yagaggiyar leda. Waɗannan su ne ke toshe ƙananan hanyoyin ruwa da ke cikin inji da salansa. In suka toshe, zafi ya hau, robobin salansa su narke, gasket ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe, wani lokacin fistin ya kama gaba ɗaya. Kuɗin rariya bai kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba, balle a ce sai an aika Jidda ko Dubai ko Alƙahira neman kayan. Wata fa'idar kuma ita ce, tunda kofin ana ganin cikinsa, mai abu zai riƙa ganin irin dattin da injinsa ke sha, ya san wace gaɓa ce ke cutar da shi.

Sai dai su ma masu adawa ba shirme suke faɗa ba, kuma adalci ne mu kawo nasu. Na farko, rariya ba ta kama laka. Ƙwayar laka ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, ramin ragar kuwa ya ninka haka sau da yawa, don haka salin-alin take wucewa. In aka ce a sa raga mai laushin da za ta kama ta, cikin 'yan mintoci za ta toshe. Lakar da ta wuce takan kwanta a lungunan inji, zafi ya gasa ta. Duk wanda ya san yadda masu bulo na Jiraif ke ƙona wannan laka ta zama jan bulo ya san abin da muke nufi. Na biyu, rariya ba ta kare farfela, domin yashi sai ya ratsa famfo kafin ya iso gare ta, kuma shi ne ke cinye bakin farfela da zoben da take juyawa a ciki har abin hawa ya rasa gudu. Na uku, ruwan da ke cikin wannan mesa a matse yake. Duk inda aka yanka aka haɗa, an ƙara wurin da zai iya yoyo. In kofin ya tsage ko mesa ta kuɓuce, famfon zai riƙa ɗura ruwa cikin cikin babur ɗin, mahayi bai sani ba sai ya ga yana nutsewa. Na huɗu, wanda ya fi duka haɗari, rariyar da aka manta da ita ta fi rashin rariya illa, domin ita da kanta za ta zama toshiyar da ake gudu. Na biyar, kamfanoni kan ƙi karɓar garanti idan aka taɓa hanyar sanyaya inji.

Bayan mun auna duka ɓangarorin biyu, ra'ayinmu shi ne a sa rariyar. Hujjar garanti, wadda ita ce ta fi yi wa yaron nauyi, ba ta da ƙafa a halin da yake ciki. Abin da aka saya a Jidda aka ɗora a jirgi zuwa gaɓar Bahar Maliya, aka ɗauko a mota har Omdurman, wa zai mayar da shi can don a duba takardar garanti? Garantinsa na gaskiya shi ne hannun Usta da idon mai abu. Har ila yau, abin haya ne. Mai abu yana iya kiyaye ƙa'ida, amma ɗan haya da ya biya kuɗin minti goma sha biyar zai banka wuta ne a ruwan da bai kai gwiwa ba, ya hau da shi kan yashi don abokai su ɗauke shi hoto. Inda hannu ya yi yawa, dole kariya ta ƙaru.

Amma mun ce a sa ne bisa sharuɗɗa, in ba za a cika su ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sharaɗi na farko, a fara duba littafin abin hawan, domin wasu ƙirar suna zuwa da 'yar rariya a jikin famfo, wadda sau da yawa mai abu bai ma san da ita ba, balle ya wanke ta. Na biyu, rariyar da za a ƙara ta zama wadda aka yi domin jiragen ruwa, mai jure matsi da zafi, bakinta daidai da faɗin mesar ko ya ɗan fi, kada a ɗauko ta injin feshi ko ta famfon gida don araha, araha ba ta ado. Na uku, a ɗaura ta inda da an ɗaga kujera za a gan ta, a ƙulle ta kada ta riƙa karo da jikin inji, kowane baki a ɗaure shi da kilif mara tsatsa, biyu-biyu in da wuri. Na huɗu, a duba ta kafin kowace fita, a wanke ta bayan kowace dawowa, a kuma tabbatar robar bakin kofin ta zauna daidai. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, ya bar injin yadda kamfani ya yi shi, ya rungumi ƙaddara.

Ko an sa rariya, akwai abubuwan da ba ta ɗauke wa mutum. Littattafan kamfanonin suna gargaɗin kada a tayar da inji a ruwan da zurfinsa bai kai santimita 60 zuwa 90 ba, gwargwadon ƙira, domin famfon yana zuƙo yashin ƙasa ne kamar mai shan fura da ludayi. Don haka a tura shi da hannu har ruwa ya kai ƙugu kafin a tayar, in za a dawo kuma a kashe shi tun kafin a iso gaɓa. Bayan an fito da shi, a wanke cikin injin da ruwa mai tsabta ta bakin da aka tanada. Tsarin nan kuwa ba a juya shi: a fara tayar da inji sannan a buɗe ruwa, in an gama a rufe ruwa sannan a kashe inji. Wanda ya saɓa, ruwa zai bi ta salansa ya koma cikin silinda. Kuma kada a bar inji yana aiki a tudu ba ruwa fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Idan ruwan famfon gida ma ya zo da laka, kamar yadda yakan yi da damina, a tara shi a duro ya kwanta tukuna. Matan karkarar Sudan sun daɗe suna tace ruwan Nilu da dakakken ƙwayar zogale, ba abin kunya ba ne bakanike ya ari dabarar iyayensa mata.

Sabon inji kuma kamar jariri yake. Awoyin farko, waɗanda yawanci goma ne, ba a ƙure masa wuta, ba a kuma riƙe shi a gudu ɗaya na tsawon lokaci, sannan a sauya baƙin mai a lokacin da littafi ya ce, ba lokacin da aljihu ya ga dama ba. Man fetur da ake saye a jarka a tace shi kafin a zuba, domin ruwa da ƙura ba sa raina kansu. A riƙa lura da ɗan ruwan da wasu ƙirar ke tsartarwa a gefe, shi ne shaidar cewa ruwa na zagayawa. In ya ragu ko ya ɗauke, ko ƙararrawar zafi ta yi kuka, a kashe nan take, kada a ce bari in ƙarasa gaɓa. Sannan shawara mafi ɗaci ga mai neman kuɗi: idan kogi ya kawo a watan Agusta, a ɗaure babur a gida. Mutanen Tuti ba su manta da ambaliyar 1946 da ta 1988 ba, balle ta 2020 da ma'aunin Khartum ya haura mita 17 da rabi. Babu rariyar da aka ƙera domin irin wannan ruwa.

Dalilin da ya sa muka nace shi ne, mutuwar inji a kogi ba kamar mutuwar mota a titi ba ce. Mota in ta mutu sai a gangara gefe a kira bakanike. Babur ɗin ruwa in injinsa ya ɗauke, sitiyari ma ya tafi, tunda feshin ruwa ne ke juya shi. Daga nan sai inda igiyar ruwa ta ga dama, ko ƙafar gada ko tsakiyar mahaɗa. A watan Agustan 2018, a jihar Nahrun Nil da ke arewacin Khartum, wani jirgi da ya ɗauko 'yan makaranta ya kife bayan injinsa ya tsaya a tsakiyar ruwa mai ƙarfi, yara sama da 20 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Ba muna cewa toshewar hanyar ruwa ce ta kashe wancan injin ba, abin da muke cewa shi ne, duk abin da zai sa inji ya tsaya a tsakiyar Nilu maganar rai ce. Don haka rigar ceto ga kowane mahayi, da igiyar kashe inji a ɗaure a hannu, ba a sassauta su ko ga ɗan sarki.

Wannan darasi ya wuce kan yaro ɗaya. Hausawa sun daɗe a bakin wannan kogi. Tun bayan da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a suka zo suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, ga kuma dubban alhazai da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna. Da yawa daga cikin zuriyarsu su ne masunta da manoman bakin ruwa. Kakanninmu sun yi aiki da kwalekwalen katakon bagaruwa irin wanda maƙeran Abu Rof ke sassaƙawa, sun san dole a riƙa toshe shi ana shafe shi kafin ya fara shan ruwa. Abin takaici, da inji ya zo sai muka ɗauki ɗabi'ar jira sai ya mutu. Mai injin kwalekwale ba ya sauya 'yar farfelar roba da ke tura ruwan sanyaya inji sai ta tsinke, alhali yashi ke cin ta kullum. Mai injin ban-ruwa yakan cire rariyar bakin mesa wai tana rage ruwa, ya jefa mesar a kan taɓo, maimakon ya ɗaga ta a kan tulu ko ya sa ta cikin kwando. Duk wanda ya zaga fadamun Kadawa ko gaɓar Yawuri ya san ba a Sudan kaɗai ake wannan ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin masunta da na masu jiragen fito a Omdurman da Tuti da Jabal Auliya, su mayar da duba inji kafin fita wata ƙa'ida da ƙungiya ke hukunta wanda ya karya. Muna kira ga hukumomin da ke kula da zirga-zirgar kogi, yayin da jama'a ke komawa gidajensu tun bayan da aka daina gwabza faɗa a cikin Khartum a 2025, kada su bar harkar hayar babur ɗin ruwa kara zube. A ware musu wuri nesa da masu wanka da tarun masunta, a hana ƙananan yara tuƙi. Muna kuma roƙon dattawan makanikai irin su Usta su ja matasa a jiki su koya musu, domin yaƙi ya warwatsa gwanaye da yawa, ilmin da ba a miƙa ba kuwa tare da mai shi ake binne shi.

Shi dai yaron namu ya amince an sa rariyar, Usta da kansa ya ɗaura. A fitarsa ta farko, wadda ba ta kai awa ɗaya ba, ya dawo ya kwance kofin a gaban majalisa, ya zazzage yashi da guntun ciyawa kusan cikin cokali. Masu goyon baya suka ce kun gani, masu adawa suka ce a bari a ga ko bayan wata shida zai ci gaba da kwancewa. Mu a nan muna tare da masu adawa a wannan gaɓar, domin a nan ne maganar za ta tabbata ko ta rushe. Allah Ya sa albarka a neman kowa, Ya kiyaye masu shiga ruwa, Ya kuma dawo wa Sudan da zaman lafiya mai ɗorewa, amin.